Agha Bahram Ya Ce Ya Ci

Woodbridge, Oktoba

Yaya Saudatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Baban Sharifa da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna. Na ga hotunan sadakar arba'in. Ni lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Kin ce in daina turo murya, wai ba na cewa komai sai "lafiya lau". To ga takarda, zan ɗauki hotonta in turo. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda na tsaya a boko.

Kamfani ya canza min gida. Yanzu Woodbridge nake kwana, sai Lahadi nake komawa ɗakinmu na Lanham. Wani tsoho nake kula da shi, mutumin Iran, sunansa Bahram. 'Yarsa Mahnaz ta ce in riƙa ce masa Agha Bahram, kamar dai Malam a wajenmu. Ya haura tamanin. A garinsu Shiraz awon ƙasa ya yi, a nan kuma shagon buga takardu. Matarsa ta rasu. Ciwon mantuwa ke damunsa. Ina yi masa wanka, in sa masa kaya, in ba shi magani da abinci, in hana shi fita titi.

Turancinsa ya tsiyaye kamar ruwa a hudajjiyar buta. Farisanci kaɗai ya rage masa. Yini yake yana magana, ni ina gyaɗa kai.

Abinci ne matsalar. Edna, nas ɗin da ke zuwa auna shi, 'yar Jos ce, Hausa muke yi da ita. A gabana ta gaya wa Mahnaz cewa in ya ci gaba da ramewa, sai dai a kai shi gidan kula da tsofaffi. Na yi aiki a irin gidan, na san yadda ake jera su gaban talabijin tun safe. Nan kuwa, ko ya manta sunan 'yarsa, ƙafarsa ta san inda matakala take. Ba na so a kai shi.

Shi ya sa na roƙi Mahnaz ta koya min harshen, ko zan ji abin da yake so. Duk Asabar in ta zo karɓata sai mu zauna a kicin. Ta ce da abin da ya wuce za mu fara, tunda can yake zaune.

Ba wuya, Yaya. Kowace kalmar aiki tana da gindi. Khordan shi ne ci. Ki yanke wutsiyar, saura khord. Shi kaɗai haka yana nufin ya ci, ko ta ci, don ba ruwansu da mace ko namiji, kamar Hausar 'yan Kumasin da muke ɗaki ɗaya. Daga nan sai ki liƙa wutsiyar mai yi. Khordam, na ci. Khordi, ka ci. Khordim, mun ci. Khordid, kun ci, kuma da ita ake girmama babba ko shi kaɗai ne. Khordand, sun ci. Mu a gaba muke sa mai yi, su a baya. Raftan tafiya ce, kin ga raftam na tafi ke nan. Amadan zuwa, amadam na zo.

Sannan aikin a ƙarshen zance yake zuwa. Ba sa cewa na ci gurasa. Man nan khordam, ni gurasa na ci. Dole ki jira mutum ya kai ƙarshe kafin ki san abin da aka yi. Wannan bai dame ni ba, dama aikina jira ne.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Halilu

Tudun Wada, Zariya, Oktoba

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai Sharifa da ta yi zazzaɓi, ta warke. Takardarka ta zo, rubutun kamar kaza ta taka tawada, amma na karanta.

Layi ɗaya ka ba Inna, shafi biyu ka ba Ba'iraniye. Na gani, ban ce komai ba.

Baban Sharifa ya karɓi wayar ya karanta, ya sake karantawa, ya cire tabarau ya ce in tambaye ka cikin hikima ko ka koma Shi'a ne. Ni ban iya hikima ba, ga shi na tambaya. Ka san Zariya. Kana kwana gidan mutumin Iran, kana koyon harshensu, har ka ce ba ka so a raba ku. Ya ce haka abin yake farawa, da karatu. Na ce masa kai da aka yi ta kora zuwa makaranta da bulala, in karatu ne zai ɗauke ka, ai abin a yi sadaka ne.

Ni tambayata daban. Wannan Mahnaz da kuke zama a kicin duk Asabar, tana da miji?

Na gwada karatun naka a kan yara. Yanzu duk gidan nan khordam ake yi. An tambayi ƙaramin wa ya shanye madarar, ya ce khordand.

Me kake dafa wa tsohon? Kar dai irin shinkafarka da ke tsayawa a wuya. Ka tambayi 'yarsa abin da uwarsu take dafawa.

Halilu, har yau ba ka tambaye ni yadda Inna ta cika ba. Kowa ya tambaya, har masu kai ƙanƙara shagon Baban Sharifa. Na san takardunka ne suka hana ka zuwa, ba wanda ya ga laifinka. Amma tambaya ba ta buƙatar biza.

Yayarka,
Saudatu

Woodbridge, Nuwamba

Yaya Saudatu,

Assalamu alaikum. Ya jikin Sharifa? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya.

Ki ce wa Baban Sharifa ya kwantar da hankalinsa, sallata tana nan yadda ya san ta. Agha ban taɓa ganin ya yi salla ba. In ya ga na tayar, sai ya kashe talabijin ya zauna shiru har in sallame. Mahnaz ta girme ki, 'ya'yanta suna jami'a, mijinta ne ke kawo ta.

Karatu ya ci gaba. In za a ce ba a yi ba, na ake sawa a gaba. Nakhordam, ban ci ba. In kuma abu ne da aka saba yi a da, sai a sa mi. Mikhordam, nakan ci. Maganar Agha duk mi ce. Miraftim, mukan tafi. Yanzu ina tsintar kaɗan kaɗan. Sukan hau duwatsu da sandunan awo da jaki, sukan kwana a ƙauyuka, akan yanka musu kaza.

To amma karatun ne ya ja min. Da can, in na kawo abinci, sai ya dafa ƙirji ya faɗi wata magana. Ban san me yake cewa ba, sai in ci gaba da miƙa cokali, yakan ci rabi. Da kunnena ya buɗe sai na ji abin da yake cewa. Khordam, mamnun. Na ci, na gode. Har daɗi na ji don na gane. Sai in ɗauke kwanon. Dokar kamfani ma ta ce kar a tilasta wa mutum. Haka muka yi ta yi. Bel ɗinsa ya kai ramin ƙarshe, na huda sabo da ƙusa. Edna ta ɗora shi a ma'auni, ta duba, ta juya tana kallon taga.

Na gaya wa Mahnaz. Ta ce ta'arof ne, al'adarsu. Baƙo ba ya karɓa a tayin farko, dole ya ƙi, mai gida ya matsa. Ta koya min befarmayid, wato bismilla. Na matsa, Yaya. Tuwon shinkafarsu da miyar ganye da ta ce uwarsu ke yi, na koya, na dafa. Sai ya ɗauki cokali ɗaya don ya faranta min, ya ajiye. Da la'asar kuma ya sa kwat ɗinsa, ya zauna a bakin kujera kusa da ƙofa, ya ɗora hula a gwiwa. Yana ta cewa zahmat dadam, na wahalar da ku. Yana tambaya ko motar da za ta kai shi gida ta iso.

Ashe a ganinsa gidana ne, shi baƙo ne da ya daɗe har ya fara jin nauyi.

Mahnaz ta ce ta sani. Ta sha nuna masa hotunan bango, ta ce Baba ai gidanka ne. Sai ya yi murmushi ya gode mata, don a wajensu ma haka mai gida yake ce wa baƙo.

Ta samo ɗaki a wani gidan tsofaffi. Bayan sabuwar shekara za a kai shi. Da ta faɗa ban ji komai ba. Na tashi na wanke kwanuka.

Maganar Inna, ban tambaya ba don ban san abin da zan yi da amsar ba. Ranar da kika kira ina canza wa wani tsoho zanen gado. Na ajiye wayar na ƙarasa canzawa. Tun ranar haka nake.

Ƙaninki,
Halilu

Tudun Wada, Disamba

Halilu,

Muna lafiya. Baban Sharifa ya ce a ba ka haƙuri, shi ma faɗa masa aka yi a masallaci cewa haka ake farawa.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, don akwai abin da ya shafi tsohonka.

Da jikin Inna ya tsananta muka ɗauko ta daga Giwa zuwa nan gidana, saboda kusa da asibiti. Ɗaki guda muka ba ta, da fanka da komai. Ta ƙi cin abinci. In na kai da safe ta ce ta ƙoshi. In na kai da rana ta ce ta ci a asibiti, alhali tare muka je muka dawo. Likita ya rubuta maganin buɗe ciki, a banza. Sai Gwaggo Lami ta zo dubiya, ta ja ni bayan ɗaki ta ce wace uwa ce za ta zauna tana cin tuwo a gidan surukinta yana jin motsin kwano. Baban Sharifa, Allah ya saka masa, ya kwashe kayansa ya koma gidan ƙaninsa. Inna ta ce ko ya tafi, hatsin dai nasa ne.

Muka mayar da ita Giwa. Kowa ya ce mun yi wauta, ga nisa da asibiti. A can ta ci. Ba don yunwa ta dawo ba. Masu dubiya ne ke cika ɗakin, ita kuma daga kwance take ba da umarni, a dama fura, a ɗumama miya, a zuba wa wance. Gwaggo Lami sai ta janye hannu ta rantse ba za ta taɓa ba sai mai ɗakin ta sa hannu. Dole Inna ta ci, don kar baƙuwa ta tashi da yunwa. Haka ta ga damina a ɗakinta. Ran da za ta cika, bayan la'asar ne, tana yi min faɗa na bar mutanen Yakawada ba ruwan wanke hannu. Na fita ɗebowa, na dawo. Ba ta sha wuya ba.

Kai ma ka san wannan tun kana yawo ba wando, ba sai an koya maka da Farisanci ba. Wa ya taɓa yarda da baƙo in ya ce ya ci? Amma matsawa ba za ta yi ba. Muddin kai ne mai kawo kwano, shi baƙo ne, kuma baƙon da ya ga ya daɗe ba ya ci. Mai gida ne ba ya jin kunyar tukunyarsa. Yadda za ka yi da wannan ban sani ba, kai ke wurin.

Yayarka,
Saudatu

Tudun Wada, Janairu

Halilu,

Lafiya? Waya ta nuna ka buɗe takardata tun ranar, shiru har yau. In maganar Inna ce na ɗora maka ba ka shirya ba, ka yafe ni. In kuma cewa da na yi ka san abin tun kana yaro ne ya ɓata maka rai, ka san bakina. Sabuwar shekara ta wuce. An kai shi ne? Ko kalma ɗaya ka turo, ko da harshen nasu ne, yara za su fassara.

Saudatu

Woodbridge, Janairu

Yaya Saudatu,

Assalamu alaikum. Lafiya lau nake, ba fushi. Na karanta takardarki a mota a kan titin 95, cunkoso ya tsayar da mu, na karanta na sake. Allah ya jiƙan Inna, ya saka miki. Ban amsa ba don ban da abin faɗa sai na gwada.

Ga yadda na yi. Na dafa shinkafa da miya na bar su a kan murhu, na ɗora shayi, na jera kwanuka inda zai gani. Na fita ta ƙofar baya, na sa rigar sanyi da hula, na zaga ta wajen kwandunan shara, na ƙwanƙwasa ƙofar gaba. Ranar farko bai buɗe ba, ina hango shi ta gilashi yana kallon ƙofar. Washegari ya buɗe. Ya dube ni sama da ƙasa, bai san ni ba. Sai na ga ya miƙe kafaɗa. Ya ce khosh amadid, sannu da zuwa. Ya karɓi rigata ya rataye a inda ake ratayewa, ba tare da ya nema ba.

Ya zaunar da ni. Ya kira sunan matarsa, ba amsa, ya yi tsaki ya shiga kicin da kansa. Ina jin yana buɗe tukwane. Na so in tashi, na daure. Ya fito da tukunyar, ya zuba min. Na dafa ƙirji na ce khordam, mamnun. Yaya, sai ya ɓata rai. Ya matsa, na ƙi. Ya kankaro ƙanzon shinkafar, wanda a wajensu shi ne rabon babban baƙo, ya ɗora min. Sai na yi irin ta Gwaggo Lami, na janye hannu na ce shoma nakhordid, ku ba ku ci ba. Ya ɗauki cokali. Duk lomar da na yi sai ya yi, yana sa ido kar in tsaya. Ya cinye kwanonsa.

Ba kullum yake yi ba. Wata rana ba ya buɗewa, wata rana yana buɗewa ya koma bakin kujerarsa da hula a gwiwa. Amma ya fi yawa a yi. Maƙwabciyarsu Debbie ta ga ina zagaya gidan ta bayan shara, ta fito da waya a hannu tana tambaya. Na yi mata bayani. Yanzu ita ma takan ƙwanƙwasa da rana, ta iya khordam.

Asabar ɗin da za a haɗa kayansa Mahnaz ta zo da kwalaye. Na tare ta a waje na ce ta bar su a mota tukuna, ta zo mu ƙwanƙwasa tare. Ta ce tana da makulli. Na ce na sani.

Ya buɗe. Da ya ga mace sai ya gyara wuyan rigarsa. Ya ba ta kujerar da ta fi kyau, ya kawo shayi yana zubarwa a hanya. Ya tambaye ta ita 'yar wa ce. Ta ce 'yar Bahram mai awon ƙasa, na Shiraz. Ya daɗe yana tunani. Ya ce ya san shi.

"Mard-e khubi bud," in ji shi. Mutumin kirki ne, a da.

Sai ya tula mata shinkafa, ya ɗora mata ƙanzon duka, ni ban samu ba. Ta ce ta ci kafin ta fito. Ya ce 'yar Bahram ba za ta fita gidansa da yunwa ba. Ta ci, hawaye na sauka a kwanon, ba ta goge ba. Shi ma yana ci yana ba ta labarin jakin da ya taɓa zubar musu da kayan awo a rafi. Ta ce min daga baya rabon da ya zauna cin abinci da ita har ya gama tun rasuwar uwarsu.

Kwalayen ba su fito daga mota ba. Na hango ta a ciki tana waya. Ta ce ta gaya wa masu gidan tsofaffin su ba wani ɗakin. Ba ta ce an fasa ba, ta ce mu ga abin da ma'aunin Edna zai ce zuwa bazara. Edna ta auna shi shekaranjiya. Bai ƙaru ba, bai ragu ba.

Abu ɗaya ne ban yi tunaninsa ba. Baƙo in ya ci sai ya tafi. Yau da muka gama na rana ya ɗauko min rigata, ya riƙe min na sa hannu, ya rako ni har bakin matakala cikin dusar ƙanƙara da silifas. Da ƙyar na sa shi ya koma. Ina ji ya murza makulli. Na ɗan tsaya a gefen gidan kafin in zaga ta baya in yi wanke-wanke.

Kafin ya rufe ya ce in sake dawowa, kuma in gaida mutanen gida. Na ce za su ji.

To, Yaya, yana gaishe ku.

Ƙaninki,
Halilu